Yadda ake aiki da katakon maɗaci tun daga gungume har ya zama teburi

Duk wanda ya taɓa ɗora filen, wato abin feffe fuskar katako ta yi sumul, akan falankin maɗaci yasan abinda nake nufi in nace wannan katako yanada hali. Ka tura filen ta nan ya tafi sumul kamar man shanu, ka matsa ɗan yatsa biyu kawai sai kaji ƙarar "kaɗ", ka duba kaga ya ɓantare fuskar ya bar rami. Mutane da yawa anan suke yanke hukunci suce katakon ne baida kyau, alhali ba haka bane, jijiyarsa ce a sarƙe, kuma wannan sarƙar ita ce dai take bashi wannan ratsi ratsi mai sheƙi da ake biyan kuɗi dominsa. Kyan da wahalar duk daga wuri ɗaya suke fitowa, toh in ka gane wannan sauran aikin duk zai zo maka da sauƙi.

Da farko ka san itacen da kake hannu dashi. Maɗaci shine masana ke kira Khaya senegalensis, dangin Meliaceae ne, wato gidansu ɗaya da darbejiya da kuma mahogani na ainihi na ƙasashen tsakiya da kudancin nahiyar Amurka wanda ake kira Swietenia. Yana fitowa a yankin sabana tun daga Senegal har Sudan da arewacin Yuganda, tsayinsa yakan kai mita 30, kaurin gindinsa kuma ya kai mita 1 ko ya wuce. An kaishi wasu ƙasashen ma an shuka, a arewacin Ostireliya gonaki guda ake yi nasa saboda katako kawai. Yanada 'yan uwa da suke fitowa a kurmi inda ruwa yafi yawa, irinsu Khaya ivorensis da Khaya grandifoliola da Khaya anthotheca, kuma a kasuwar katako duk sunansu ɗaya, mahoganin Afirka. Amma a hannu ba ɗaya suke ba. Maɗacin sabana yafi duk nauyi da tauri, in ya bushe mita ɗaya ta kowane gefe yakan kai kilo 700 zuwa 800, shi kuwa ivorensis wajen kilo 500 ne ko sama kaɗan. Kaga ke nan falanki mai tsawon mita 2, faɗin santimita 30, kaurin santimita 5, in maɗacin sabana ne busasshe zai yi wajen kilo 22, in ivorensis ne wajen kilo 16. Wannan gwajin ɗagawa kaɗai yana faɗa maka abu da yawa kafin mai sayarwa ya buɗe baki.

Akwai kuma wani da ake yawan haɗasu dashi, sapele. Shima ja ne mai ratsi, amma in ka yanka sapele zakaji wani ƙamshi yana tashi, maɗaci kuwa kusan baida wani ƙamshi. Launin maɗaci sabon yanka ja ne mai haske kamar ruwan hoda, da iska da haske suka taɓa shi sai ya rinƙa duhu har ya koma ja mai ruwan ƙasa.

Wani abu da ya kamata ka sani kafin ka saye shi da yawa ko kayi tunanin fitar dashi waje: a taron CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke cikin haɗari, da akayi a Panama a watan Nuwamba 2022 an saka duk nau'in Khaya na Afirka a rukuni na biyu na yarjejeniyar, dokar ta fara aiki a Fabrairu 2023. Ba wai an hana aiki dashi bane, amma tsallaka iyakar ƙasa da gungumensa ko falankinsa sai da takardar izini. Ita ma ƙungiyar IUCN mai kula da kare halittu a duniya ta jima da lissafa maɗaci cikin itatuwan da suke fuskantar barazana. Ni dai shawarata ka tambayi asalin katakon, in daga shukakkiyar gona yake ko an sare shi da izini toh madalla, itacen da ya ɗau shekara hamsin yana girma bai kamata ace an kayar dashi a ɓoye da dare ba.

Toh mu shiga zaɓe. In gungume zaka saya ka fara duba kawunansa biyu. Zakaga jan ciki a tsakiya, sannan wani farin zobe a gefe kusa da ɓawo. Jan nan shine katako, farin kuwa shi ƙwari suke so saboda yanada sitaci, ƙwaron nan mai huda katako yana barin gari kamar fulawa anan yake fara shiga. Duk inda farin yayi faɗi da yawa ka sani asara ce zaka yanke ka zubar ko kayi ƙananan abu da ita. Sannan ka duba ko cibiyar gungumen tana tsakiya. In ta koma gefe ɗaya alama ce itacen ya girma a karkace, irin wannan yana ɗauke da wani ɗauri a cikinsa, kana tsagawa zakaga falankin yana lanƙwashewa tun akan injin, kuma fuskarsa takanyi gashi gashi wanda samfefa bata kwantar dashi da sauƙi. Maɗacin sabana dama yawanci gangar jikinsa gajera ce kuma ba kasafai take miƙewa sak ba, ɗaya daga cikin dalilan shine wata tsutsa da ake kira Hypsipyla robusta mai cin kan tsiron tun yana ƙarami sai ya rabu reshe biyu ko uku. Saboda haka kada ka tsara aikin da yake buƙatar dogon falanki mita 4 miƙaƙƙe ka dogara da maɗaci, ka tsara aikinka da tsawon da itacen yake bayarwa.

In kuma falanki ne aka riga aka tsaga, ka ɗaga shi ka kai idonka kan gefensa kamar mai saita bindiga, kaga ko ya murɗe. Lanƙwasa ana iya gyarawa in ka yanka gajere gajere, murɗewa kuwa tana cin kauri sosai kafin ta miƙe. Ka duba kuma siraran layuka da suka gitta jijiyar a kwance kamar an ja gashi akai, wannan karaya ce ta cikin itace, bata fitowa sosai sai an goge, kuma ƙafar kujera in ta faɗo akan irin wannan wurin watarana zata ɓalle ne ba tare da gargaɗi ba.

Tsagawa hanya biyu ce kuma anan ake yanke yadda fuskar aikinka zata kasance. Akwai tsaga ta kai tsaye, a kwantar da gungume a rinƙa yankowa falanki bayan falanki daga gefe zuwa gefe, wannan tafi sauri kuma tafi bada faɗi, amma falankin yafi son yin kwari kamar kwano in yana bushewa. Akwai kuma wadda ake raba gungumen gida huɗu tukuna sannan a rinƙa yankowa daga ɓawo zuwa cibiya. Wannan ta biyun ita ce take fito da ratsin nan, layi mai duhu layi mai haske suna jere, in ka zagaya teburin sai mai duhun ya koma haske mai hasken ya koma duhu. Dalili kuwa itacen yana girma ne jijiyarsa na nannaɗewa dama na wasu shekaru sannan ta juya hagu, toh in ka yanka daga ɓawo zuwa cibiya ka ratsa duka biyun ke nan suna gefen juna. Saman teburi da fuskar ƙofa ni wannan tsagar nake so ko da zata fi ɓarna. Kuma kowace iri zakayi ka ƙara kauri, in santimita 2.5 kake so a ƙarshe ka sa a tsaga maka 3.2 ko sama, bushewa zata ci nata filen ma zai ci nasa. Falankin da cibiyar ta faɗo a cikinsa ka raba shi biyu ka cire cibiyar, domin ko me kayi sai ta tsage.

Yanzu busarwa, kuma dan Allah anan ka nutsu domin mafi yawan aikin maɗaci da ya lalace anan ya lalace. Ranar da aka tsaga, a ranar zaka shafe kawunan falankin da fenti mai kauri ko narkakken kyandir, saboda ruwa yafi saurin fita ta kai fiye da ta fuska nesa ba kusa ba, in kan ya riga jikin bushewa sai ya dare. Ka samu wuri mai inuwa da iska ke ratsawa, ba rana kai tsaye ba, ba kuma ɗaki rufaffe ba. Ka jera bulo ka ɗora katakai masu ƙarfi akai yadda jerin zai tashi daga ƙasa kamar santimita 40, kuma ka tabbatar shimfiɗar a daidai take domin duk karkatar da ke ƙasa falankin zai kwafe ta. Sai ka kwantar da layin farko ka bar ɗan fili tsakanin falanki da falanki, ka gitta siraran sanduna busassu masu kaurin santimita 2 zuwa 2.5, tazarar rabin mita tsakaninsu, ɗaya kuma dab da kowane kai. Layi na biyu ya hau, sandunansa su zauna daidai saman na ƙasa, ba ɗaya nan ɗaya can ba, in ka kalli jerin daga gefe kaga sandunan sun miƙe layi ɗaya daga ƙasa har sama. A ƙarshe ka rufe da kwano ka ɗora nauyi, bulo ko duwatsu, nauyin nan shi yake hana na saman murɗewa. Kada kwanon ko wani ƙarfe ya taɓa ɗanyen katakon kai tsaye, maɗaci in ya haɗu da ƙarfe da danshi baƙin tabo yake yi.

Tsawon lokacin ya danganta da kauri da yanayin iska, watanni ne dai ba makonni ba, mai kaurin santimita 5 kuma yafi ninki biyu na mai 2.5. In iskar ta bushe ƙwarai da gaske ka ɗan kare gefen da take bugowa da buhu ko tabarma a makonnin farko, saurin bushewa yana tsatstsaga fuska. Kuma kada ka yarda da taɓawa da hannu, waje yana iya bushewa ƙayau ciki na jiƙe. In kanada na'urar auna danshi shikenan. In babu ga hanyar da bata ƙarya: ka yanko ɗan guntu daga cikin falanki, aƙalla santimita 30 daga kai, ka auna shi a sikeli mai kyau nan take, ka saka a oven akan zafin digiri 103 kana fitarwa kana aunawa har nauyin ya daina raguwa. Ka cire nauyin ƙarshe daga na farko, ka raba da na ƙarshen, ka ninka da 100. Misali guntun ya fara da giram 130 ya tsaya a 100, danshinsa kashi 30 ke nan, wannan ɗanye ne sharaf. Kayan cikin ɗaki ana so ya sauko kashi 8 zuwa 12, gwargwadon yadda iskar wurin da kayan zasu zauna take. Bayan ya kai ka shigo dashi wurin aikinka ya ƙara sati biyu a jere akan sanduna kafin zarto ya taɓa shi.

Ko a lokacin ma kada ka kai shi ma'aunin ƙarshe rana ɗaya. Ka yanka kowane yanki da ɗan rara, ka goge fuska biyun daidai wa daida, in ka cire milimita 2 a sama ka cire 2 a ƙasa, ka ajiye su kwana biyu ko uku. Zakaga wasu sun ɗan motsa. Sai ka dawo ka miƙar dasu ka kai su ma'auni.

Mun zo kan filen ɗin da na fara dashi. Abu na farko kaifi, ba kaifin "ai yana yanka" ba, kaifin da zai aske gashin hannu, kuma maɗacin sabana yana dakushe baki da wuri saboda haka dutsen wasa ya zauna kusa da kai. Zarton inji kuma mai haƙoran kabaid, wani ƙarfe mai tsananin tauri, yafi daɗewa. Filen na hannu yawanci wuƙarsa tana kwance akan digiri 45, wannan yayi ma katako mai miƙaƙƙiyar jijiya amma akan maɗaci yana shiga ƙarƙashin jijiyar da ta juyo ya ɗaga ta ta ɓalle. Gyaran shine ka matso da ƙarfen nan da yake kan wuƙar ya zo dab da bakin, ratar bata kai rabin milimita ba, yadda zai karya ɓawon da yake tasowa kafin ya samu tsawon da zai ja na gabansa. Ka rage fitar wuƙar kuma, abinda yake fita ya zama siriri kana iya hango haske ta cikinsa. In kanada filen mai tsayuwar digiri 55 ko 60 ma yafi. A injin filen kuwa ana rage kwanar yankan wuƙaƙen zuwa digiri 15 ko 20, a rage gudun turawa, a rinƙa ɗaukar kaɗan kaɗan, zagayen ƙarshe bai wuce rabin milimita ba. Wata dabarar kuma ka ɗan shafa jiƙaƙƙen tsumma a fuskar minti biyu kafin zagayen ƙarshe, jijiyar takanyi laushi ta yanku maimakon ta ɓalle.

Inda duk wannan ya gaza sai makankari, ɗan falen ƙarfe ne kawai kamar girman tafin hannu da ake murza ma baki har yayi ɗan ƙugiya. Ka riƙe shi da hannu biyu manyan yatsunka na tura tsakiyarsa ya ɗan lanƙwasa, ka karkata shi gaba ka tura. In ya wasu daidai siraran ɓawo zakaga suna naɗewa a gabansa ja ja, in gari yake fitarwa toh bakin ya mutu. Shi baya kula da inda jijiya ta dosa, shi yasa akan maɗaci babu kamarsa, sai dai yana zafi a yatsa in ka daɗe.

Haɗi kuma maɗaci yana karɓarsa da kyau. Ƙafa da gindin teburi kayi musu rami da harshe, kaurin harshen ya zama kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakon, ya shiga da turin hannu ko ɗan bugu kaɗan, ba sai an dake shi da guduma ba domin zai iya fasa ƙafar. Wurin sassaƙa ramin da cizal ka fara zana layin da wuƙa tukuna saboda bakin kada ya tsattsage. Farin gam na kafinta ya wadatar ma kayan cikin ɗaki, ka matse aƙalla awa ɗaya, kada ka wahalar da haɗin sai bayan awa 24. Abinda ruwa zai taɓa kuwa sai gam mai jure ruwa irin ifoksi. Wani falankin zakaga yana tsatso ɗan ƙaro, ka goge wurin da tina kafin ka shafa gam. In zaka haɗa falanki da falanki suyi faɗi ka sa takarda ko leda tsakanin ƙarfen matsi da katakon, jiƙaƙƙen gam da ƙarfe suna barin baƙin layi wanda yake shiga ciki. Kusa da sukuru kuwa sai ka huda musu hanya tukuna musamman kusa da kai, kuma in aikin waje ne ka nemi na tagulla ko ƙarfen da baya tsatsa.

Ga inda ni na taɓa yin asara. Na haɗa saman teburi mai faɗin santimita 80 lokacin damina, na ɗaure shi da sukuru ta ko'ina akan gindin gam gam, da iska ta bushe sai wata safiya aka kirani wai teburin ya dare a tsakiya, tsaga mai tsawon hannu. Abin ya dameni ƙwarai domin falankin nan wata tara nayi ina jiransa. Katako ko ya bushe baya daina numfashi, yana kumbura yana tsukewa ta faɗinsa, ba ta tsawo ba, kuma faɗi irin wannan zai iya motsa rabin santimita tsakanin danshi da rani. Tun daga nan ramin sukurun da yake riƙe saman teburi dogo nake yinsa ta ɓangaren faɗi yadda sukurun zai iya zamewa, na tsakiya kaɗai nake ɗaurewa dam. Ƙofa mai allo a tsakiya ma haka, allon ya zauna cikin kwarin firam ba tare da gam ba.

Samfefa ka fara da lamba 120 in makankari ya riga ya wuce, in kuma akwai sauran rami ka sauko 80 ka dawo 120, daga nan 180 sannan 220, kada ka tsallake, kuma kullum ka bi tsawon jijiya. Ka sa takunkumi, wannan ba wasa bane, ƙurar maɗaci tana sa wasu atishawa da ƙaiƙayin fata da na ido, har ɗacinta zakaji a maƙogwaro. Bayan 180 ka shafa jiƙaƙƙen tsumma ka bari ya bushe, gashin da ya miƙe sai 220 ta kwashe shi.

Fuskar maɗaci tanada ƙananan ƙofofi a buɗe, in ka shafa banish haka nan zai nutse ciki fuskar tayi kamar fatar lemo. In sheƙi kake so kamar madubi sai ka cike su da fila, wato ƙullun toshe ƙofofin katako, mai launin da ya ɗan fi katakon duhu, ka cusa ta da tsumma a gicciye, ka goge rarar kafin ta ƙanƙare, ta kwana, sannan sila, wato shafin farko mai rufe fuskar, sannan banish hawa uku kana ɗan bi da samfefa 320 a tsakani. Ni dai nafi son mai, irin man linsid dafaffe, domin yana shiga jijiyar ya taso da ratsin nan yadda babu abinda yake yi. Ka shafa ka bari minti 15 ka goge duk abinda bai shiga ba, washegari ka sake, haka har sau uku ko huɗu. Tsumman man nan kada ka dunƙule shi ka jefa cikin kwandon dusar katako, yana iya ɗaukar zafi da kansa ya kama wuta, ka baza shi a waje ya bushe ko ka nutsa shi a ruwa. Kuma duk abinda ka shafa a sama ka shafa a ƙasa, in gefe ɗaya ne kawai a rufe ɗayan zai rinƙa shan danshi shi kaɗai teburin yayi kwari. Kala kuwa ban ga amfaninta akan maɗaci ba sai in kana son ka daidaita falankin da suka bambanta, shi da kansa zai yi duhu.

Aikin da ya dace dashi yanada yawa, teburi, kujera, gado, kabad, ƙofa da firam ɗin taga, matakala, daɓen katako, sassaƙa, kuma tun da daɗewa ana fafe kwale kwale da gungumensa. 'Yan uwansa marasa nauyi su akafi yin feffen fuskar filawud da jikin gita dasu. Jan cikin yana jure gara da ruɓa daidai gwargwado amma baya shan maganin katako sosai, saboda haka kada ka binne shi a ƙasa a matsayin ginshiƙi, in kuma a waje zai zauna ka ɗaga ƙafafunsa daga inda ruwa ke kwanciya.

In ka kai ma mai shi teburin ka faɗa masa a watannin farko kada ya bar tire ko littafi a wuri ɗaya kwana da kwanaki, inda aka rufe zai zauna da haskensa sauran ya yi duhu sai shatin abin ya fito ƙarara. In ma hakan ta faru ya ɗauke abin ya bar wurin a buɗe, a hankali launin zai kamo sauran.